Yadda Ake Shirya Gurasa da Tsire da Kek a Gida Ranar Kallon Ƙwallo

Kek ɗin da na gasa ranar 11 ga Fabrairun 2024 sai da ya kwana biyu a gidana, babu babban da ya taɓa shi, yara ne suka ƙarasa da shi. A daren ne Najeriya ta buga wasan ƙarshe na gasar cin kofin nahiyar Afirka da Kwaddibuwa a Abijan. Falonmu ya cika maƙil: maigida, ƙannensa uku, abokansa, da maƙwabtan da ba su da inji. Troost-Ekong ya ci mana da ka, aka tafi hutun rabin lokaci muna ɗaya da nema. Ƙaramin ƙanin maigida ya leƙo kicin ya ce, "Matar Yaya, ina kek ɗin nan da muke jin ƙamshinsa?" Na ce masa ya yi haƙuri sai an ɗaga kofi. Aka dawo, Kessie ya farke, Haller ya ƙara. Ana busa tashi kowa ya nemi takalminsa, wasu ko sallama ba su yi ba.

Tun daga ranar na sa wa kaina doka: duk abin da na dafa domin kallon ƙwallo sai ya shiga ciki kafin sakamako ya fito. Ko da ba wasan ƙasa ba ne, a falon da ake da 'yan Arsenal da 'yan Chelsea, ko 'yan Madrid da 'yan Barcelona, dole rabin mutanenki su tashi da ɓacin rai, kuma mai ɓacin rai ba ya cin kayan zaƙi. Sannan abincin ya zama wanda ake ci da hannu ɗaya ido na kan talabijin, ba mai romo ba. Farfesu yana da daɗi, amma ranar da aka ci ƙwallo wani ya zabura da kwano a cinya, ke da dardumarki ne za ku ji a jikinku. Shi ya sa na tsaya a kan gurasa da tsire, da zoɓo mai sanyi, da ƙananan kek na gwangwani. Awon da zan bayar na mutum 12 ne, manya masu ci.

Ki fara sanin ƙarfe nawa za a take wasa

Wannan kamar ba girki ba ne, amma a kansa komai yake tafiya. Wasannin dare na Gasar Zakarun Turai ana take su da ƙarfe 9 agogon Najeriya da Nijar daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris. Idan Turawa suka sauya agogonsu a Lahadin ƙarshe ta Maris, sai wasan ya dawo ƙarfe 8. Na Firimiya na ranar Asabar da rana, ƙarfe 4 ne a lokacin sanyi, ƙarfe 3 bayan sauyin agogo. Awa ɗayan nan ta sha jefa mata cikin gaggawa. Ki tambayi maigida ko yaran gida tun kwana biyu kafin ranar, ki kuma lissafa da sallar Magariba da Isha'i, domin maza ba za su zauna ba sai sun dawo daga masallaci. Zan ɗauka wasanmu na ƙarfe 9 ne. Idan naki na 8 ne, ki matso da komai baya da awa ɗaya.

Jajibiri: yaji, zoɓo da kek

Ba a fafe gora ranar tafiya. Abu uku ne ya kamata a gama su tun ana gobe wasa.

Na farko yajin ƙuli. Ki nemi ƙuli-ƙuli wanda ba a sa masa sukari ba, ki gutsura ki ɗanɗana kafin ki saya. Idan kin ji maƙaƙi a maƙoshi ko warin tsohon mai, ki bar shi, zai ɓata miki nama gaba ɗaya. Ki daka shi a turmi a hankali, kina yi kina tankaɗewa da rariya. Kada ki kirɓa shi da ƙarfi, domin yawan bugu yana fito da sauran man da ke cikinsa ya cure ya zama dunƙule. Kina buƙatar garin ƙuli kofi 5. Ki ware kofi 2 a gefe, na bandashe ne, wato gurasar da ake jiƙawa a barbaɗe ta da ƙuli da mai. A cikin sauran kofi 3 ki zuba dakakkiyar busasshiyar citta babban cokali 2, garin barkono babban cokali 1 ko 2 gwargwadon jimirin mutanenki, masoro ƙaramin cokali 1, kanumfari ƙwaya 10 da kika daka, busasshiyar tafarnuwa ƙaramin cokali 1, magi 4 da gishiri ƙaramin cokali 2. Wasu suna sa kimba. Ni ina sa sili ɗaya tak, kuma ina cire 'ya'yan cikin saboda ɗaci. Ki gauraya, ki sake tankaɗewa, ki rufe a kwalba busasshiya. Daga nan ki ɗebi kamar rabin kofi ki ajiye daban, wanda ba zai taɓa ɗanyen nama ba. Shi za a barbaɗa a tire.

Zoɓo ba ya buƙatar dogon bayani. Busasshen zoɓo kofi 4, ki ɗauraye shi sau biyu da sauri saboda ƙasa, ki zuba a ruwa lita 6 da ɗanyar citta da kika jajjaga, kanumfari kaɗan da ɓawon abarba ɗaya da kika wanke sosai. Ya tafasa minti 20, ki sauke, ki tace. Kafin ki sa sukari ki ɗebi lita ɗaya ki ajiye haka nan, domin da wuya a tara manya 12 babu mai ciwon sukari ko wanda likita ya ja wa kunne. Sauran ki sa sukari tun yana da ɗumi don ya narke. Masu sa kanwa don rage tsami su sani tana dusashe jan kalar ta mayar da shi baƙi-baƙi, ni ba na sawa. Dabarar da ta fi yi mini amfani ita ce in ƙulla wani ɓangare na zoɓon a ƙananan ledoji in sa a firiza. Gobe shi zai zama ƙanƙarar da za a jefa a jug, ya sanyaya ba tare da ya tsinke ba.

Sai kek. Kayan haɗin: fulawa gram 500, wato kamar kofi 4, bota leda 2 irin mai gram 250, sukari kofi 2, ƙwai 8, bakin hoda ƙaramin cokali 4, madarar ruwa rabin kofi, gyaɗar ƙamshi rabin ƙwallo a goge, filebo idan kina so. Wannan zai ba ki ƙananan kek kusan 24 a gwangwanin madara. Ki cire takardar jikin gwangwanayen, ki daddanne bakinsu da bayan cokali kada su yanki hannu, ki wanke ki shanya su bushe ƙarau.

Ki fito da bota da ƙwai daga firji tun awa ɗaya kafin ki fara. Ki zuba bota da sukari a roba mai faɗi ki yi ta bugawa da muciya. A nan ne yawancin kek yake lalacewa, saboda hannu yana gajiya a minti na biyar, mace ta ce ai ya yi. Bai yi ba. Sai haɗin ya sauya kala daga rawaya zuwa fari-fari, ya yi sako-sako, kuma in kin murza a yatsa ba ki jin sukari sosai. Da muciya wannan yakan ɗauki minti 15 zuwa 20, da na'urar bugawa kamar minti 5. Iskar da kike shigarwa a wannan bugun ita ce rabin tashin kek, bakin hoda ƙarasawa kawai take yi. Idan akwai matashi a gidan da zai zo cin kek gobe, wannan aikinsa ne.

Ki fasa ƙwai ɗaya-ɗaya a wani kofi daban kafin ki juye, saboda baragurbi ɗaya ya isa ya sa ki zubar da komai. Kowane ƙwai sai ya ɓace a cikin haɗin kafin na gaba ya shiga. Ki tankaɗe fulawa da bakin hoda da gyaɗar ƙamshi tare, ki zuba sau uku, kina sa madarar a tsakani. Daga lokacin da fulawa ta shiga, bugu ya ƙare. Juyawa kawai za ki yi daga ƙasa zuwa sama har farin gari ya ɓace, sai ki tsaya. Yawan juya fulawa ne yake sa kek ya yi danƙo kamar burodi.

Ki shafa bota a cikin gwangwanaye, ki barbaɗa fulawa ki kakkaɓe, ki zuba ƙullun zuwa rabi kawai. Mai oben ta sa a lamba 180, minti 20 zuwa 25. Wadda ba ta da shi, ko wadda ba ta yarda da wutar unguwarsu ba, ta ɗauko tsohuwar babbar tukunya mai kauri, ta zuba yashi mai tsabta busasshe, kaurinsa kamar gaɓar yatsa biyu. Ki rufe ki ɗora a wuta minti 15 ya ɗau zafi. Ki ɗora ragar waya ko murfin tukunya a kan yashin, ki jera gwangwanaye bakwai ko takwas ba tare da sun taɓa jikin tukunyar ba, ki rufe, ki rage wuta. Idan a gawayi kike yi, ki ɗora garwashi kaɗan a kan murfin, shi zai sa saman ya yi ja. Kada ki buɗe kafin minti 20, komai ƙamshin da ya ja ki, domin iska mai sanyi na shiga tsakiyar zai lotsa. A minti na 25 ki soka tsinke a tsakiyar ɗaya. In ya fito fes, ya yi. Zubi uku za ki yi. Su huce sarai kafin ki rufe su a mazubi, in ba haka ba gumi zai jiƙa su. Kek irin wannan ya fi daɗi idan ya kwana.

Da safe: wajen mahauci

Ki aika ko ki je da kanki da wuri, a sayo naman sa kilo 3. A ce wa mahauci tsoka ake so ta tsire, daga cinya ko baya, marar jijiya, kuma ya ba da ita a manyan gunduwa, kada ya daddatsa kamar na miya. A ƙaro kitse kaɗan ko tozo, kamar kwatan kilo. Tsiren da babu kitse ko kaɗan bushewa yake yi. Idan kina da mahaucin da kuka saba, ki roƙe shi ya fere miki shi falle-falle, wuƙarsa ta fi taki kaifi kuma hannunsa ya saba. A biya a sayo tsinken tsire 50, albasa manya 6, tumatir mai ƙarfi 8, kabeji ƙarami, kokwamba 3, man gyaɗa kwalba ɗaya da gawayi mai nauyi. Mu a Kano kayan ƙamshi Kasuwar Rimi muke zuwa, kayan gwari kuma 'Yankaba, amma kowa da kasuwarsa.

In ke za ki yanka, ki wanke naman tun yana gunduwa, ki tsane shi da tsumma mai tsabta, ki sa a firiza minti 40. Ba so ake ya daskare ba, ya ɗan yi tauri ne yadda wuƙa za ta bi shi. Ki duba jikin tsokar za ki ga zare-zare sun miƙe gefe ɗaya. Ki yanka a gicciye, ki datse zaren, kada ki bi tsawonsa. Wanda ya bi tsawon zare, mai ci zai yi ta ja da haƙori kamar igiya. Kaurin kowane falle kada ya kai rabin yatsa, faɗinsa kamar yatsa biyu zuwa uku.

Bayan Azahar ki zuba naman a roba, ki sa man gyaɗa ludayi ɗaya, gishiri ƙaramin cokali ɗaya da babban cokali 4 na yajin, ki cakuɗa da hannu. Tsinkayen kuma ki jiƙa su a ruwa minti 30 don kada su ƙone. Ki soke naman kamar mai ɗinki, tsinke ya shiga ya fita ya shiga, ki baje shi ya kwanta a shimfiɗe, kada ki cusa shi ya tattare. Tsakanin falle biyu ki sa ɗan kitse. Kilo 3 yakan ba ni tsinke 40 zuwa 45. Ki baza yaji a tire, ki kwantar da kowane tsinke ki danna da tafin hannu gaba da baya, ki ɗan kakkaɓe. Ki jera, ki rufe, ki mayar firji. Idan babu wuta, kada ki bar ɗanyen nama cikin zafin rana tun safe har dare. Gara a sayo naman bayan La'asar, ko a sa shi a kula da ƙanƙara. Katako da wuƙar da suka taɓa nama a wanke su da sabulu kafin su taɓa tumatir da kabeji, tunda waɗannan ɗanye za a ci su.

Bayan La'asar: gurasa

Ana iya sayen gurasa, ba laifi, musamman ga wadda take kusa da masu tanderu a cikin birni irin su Jakara. Gaskiya kuwa ta tanderu tana da wani ƙamshin hayaƙi da ta kasko ba za ta kamo ba. Amma ta gida tana da nata: za ki ci ta da zafinta, kuma kin san abin da ke ciki. 'Yan'uwanmu na Sudan ma suna da tasu gurasar ta alkama, sai dai tasu ƙullun ya fi ruwa, a kan faifan ƙarfe suke zuba shi.

Fulawa kilo ɗaya da rabi, yis babban cokali ɗaya da rabi, sukari babban cokali 3, gishiri ƙaramin cokali 3, ruwan ɗumi lita ɗaya da ɗan ƙari. Ɗumin ruwan kamar na wankan jariri. In ya yi zafi sosai zai kashe yis, ki yi ta jiran tashin da ba zai zo ba. Ki fara jarraba yis ɗin: ki zuba shi a kofi ɗaya na ruwan da cokali ɗaya na sukarin, ki bar shi minti 10. In ya yi kumfa yana da rai. In ya kwanta shiru, ki aika a sayo wani tun da sauran lokaci.

Ki haɗa fulawa da gishiri da sauran sukari, ki yi rami a tsakiya, ki juye ruwan yis, sannan ki dinga ƙara ruwa kina kwaɓawa. Kwaɓin gurasa yana tsakanin na burodi da na fanke: ya fi na burodi laushi, yana kama hannu, amma ba ya zuba. Fulawa ta bambanta wajen shan ruwa, don haka kada ki juye ruwan duka lokaci ɗaya. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ki buga shi da hannu minti 10 har ya fara yin santsi yana jawuwa. Kuskuren da na fi gani shi ne mace ta ga yana manne mata a yatsu ta yi ta ƙara fulawa. A ƙarshe gurasar ta fito da nauyi, wadda in ta huce sai an jiƙa ta da shayi. Maimakon fulawa, ki jiƙa hannunki da ruwa ko ki shafa mai.

Ki rufe robar da leda ko murfi. A lokacin zafi awa ɗaya ta isa ya ninka. A hunturu zai iya kai awa biyu, sai ki sa shi a rana ko kusa da murhu. In ya tashi ki danne shi iskar ta fita, ki gutsura shi gida 24, ki mulmula kowanne da jiƙaƙƙen hannu, ki jera a tire da kika shafa wa mai. Su huta minti 15.

Misalin ƙarfe 5 da rabi ki ɗora kasko mai kauri mai murfi a wuta matsakaiciya, ki goga masa mai da tsumma, goga kawai ba zubawa ba. Ki ɗauki dunƙule ɗaya ki faɗaɗa shi a tafin hannu ya yi faɗin ƙaramin faranti, kaurin yatsa. Ki kwantar a kaskon ki rufe. Bayan minti 3 ko 4 za ki ga saman ya bushe ya yi ƙananan huji, ƙasan ya yi ja. Ki juya, minti 1 ko 2, ki cire. Ta farko kusan kullum ba ta yin kyau, da ita ake gane zafin kasko, ita ce rabon mai girki. In waje ya ƙone ciki da ɗanye, wuta ta yi yawa. In ta daɗe ba ta yi ja ba ta kuma bushe, wuta ta yi kaɗan. Kasko biyu a lokaci ɗaya zai sa ki gama kafin Magariba ko jim kaɗan bayanta. Duk wadda ta fito ki sa ta a kula da kika shimfiɗa wa tsumma, ki rufe, tururin ne zai riƙe mata laushi.

Bayan Magariba: wuta

A tsakar gida ko baranda za a yi gashi. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar da ba ta da wari amma tana kisa, haka ma inji. Duka biyun su tsaya a waje, nesa da taga, ko da sanyi ake yi.

Ki lura da masu tsire na asali: ba a kan wuta suke ɗora nama ba. Tukuba suke yi, su kakkafa tsinkaye a kewaye, wuta na tsakiya, nama na gasuwa da hucinta daga gefe, maiƙon yana ɗiga a toka. Shi ya sa nasu ba ya ƙauri. A gida za ki kwaikwayi wannan da kurfoti ko rabin duro da ragar waya. Ki hura gawayi ki bar shi minti 25 zuwa 30 har harshen wuta ya mutu, garwashin ya yi ja da farar toka a kansa. Ki tura yawancinsa gefe ɗaya, ɗaya gefen ki bar kaɗan. Yanzu kina da wuri mai zafi da wurin hutawa. Ƙuli yana da mai, yana kama wuta da sauri, kuma in ya ƙone ɗaci yake yi. Duk wanda ya gaya miki tsirensa na gida yana ɗaci, a kan harshen wuta ya gasa.

Ki goga wa ragar mai da rabin albasa. Ki yayyafa wa kowane tsinke man gyaɗa kafin ya hau. Ki jera a gefen zafi, minti 4, ki juya, minti 4. Ki sake yayyafa mai, ki barbaɗa yaji kaɗan, ki matsar da su gefen sanyi su ƙarasa minti 5 zuwa 6 kina jujjuyawa. In maiƙo ya ɗiga wuta ta tashi, ki janye naman, kada ki watsa ruwa, toka ce za ta tashi ta lulluɓe shi. Ki tsaga ɗaya ki duba: babu jini, amma da sauran danshi. Kada ki jira ya bushe a kan wuta, domin zai ci gaba da nuna bayan an sauke.

Ba duka za ki gasa har ƙarshe ba. Kashi biyu cikin uku ki gama su, ki naɗe a takardar gashi ko farar takarda mai tsabta, ba jarida ba saboda tawada, ki sa a kula tare da yankakkiyar albasa. Sauran kashi ɗayan ki gasa su har su nuna amma ba su yi ja sosai ba, ki ajiye a rufe. Ki rufe garwashin da toka kaɗan ya yi barci, za ki tashe shi anjima. Kafin ki rufe, in kina son ƙamshin tanderu, ki ɗora gurasar a kan ragar daƙiƙa kaɗan kowane gefe.

Wannan aikin wuta, in akwai namiji mai hankali a gidan, a ba shi. Mai nama shi ke neman wuta, su da za su cinye su ɗan sha hayaƙi.

Bandashe da fitar da abinci

Yayin da maza suke masallaci sallar Isha'i, ki soya man gyaɗa kofi ɗaya da albasa har ta yi ja, ki sauke. Garin ƙulin nan kofi 2 da kika ware, ki sa masa barkono kaɗan, magi 2 da ɗan gishiri. Ki yanka albasa, tumatir, kabeji da kokwamba sirara. Ki zuba ruwan ɗumi a kwano, ki tsoma kowace gurasa ki cire nan take, tsomawa ɗaya, kada ta sha ruwa ta dagargaje. Ki barbaɗe ta da ƙuli gaba da baya, ki yayyafa soyayyen mai, ki yanka gida huɗu yadda za a ɗauka da yatsu. Rabin gurasar kawai za ki yi wa haka, sauran ki bar ta fara, akwai masu son naɗe tsire a ciki. Kayan lambun a zuba a kai daf da fitarwa, tumatir yana sakin ruwa in ya zauna. Tun da farko ki tambaya ko akwai wanda gyaɗa ba ta karɓe shi ba, domin abincin nan daga sama har ƙasa gyaɗa ne. In akwai, a gasa masa nasa da gishiri da citta da barkono da wani man daban, a kan raga mai tsabta, kafin na kowa ya hau.

Ƙarfe 8 da kwata tire ya fita. Kada ki yi babban tire ɗaya, ki yi uku, kowanne na mutum huɗu, domin in ɗaya ne na kusa da shi za su cinye, masu kunya su tashi da yunwa. Ki shimfiɗa ledar cin abinci, ki ajiye ruwan wanke hannu da kwanon zuba tsinke, kada yaro ya taka. Na cikin gida da yara a fara cire musu nasu kafin komai ya fita falo. In kin ce sai abin da ya rage, babu abin da zai rage. Kafin alƙalin wasa ya busa, an ci an sha, hannu ya koma kan kofin zoɓo, ke ma kin samu wuri kin zauna.

Idan aka kai minti na 35 da fara wasa, ki aiki yaro ya tone garwashin ya fifita. Ana busa hutun rabin lokaci a ɗora ragowar tsiren, minti 2 kowane gefe, a barbaɗa yajin nan mai tsabta da kika ware. Minti 15 ne hutun, ya isa. Su fita da zafinsu tare da sabon jug na zoɓo, da kek ɗin gaba ɗaya, biyu-biyu. A wannan lokacin wanda ake ci yana sa ran farkewa, wanda yake ci yana murna, kowa bakinsa a buɗe yake. In wasan na sili-ɗaya-ƙwale ne, mai iya kaiwa ƙarin lokaci da bugun fenariti, ki ɗora ruwan shayi a minti na 80, za a nema.

Garwashin da ya rage a kashe shi da ruwa ko a rufe shi da ƙasa kafin a kwanta. Tsiren da ya saura, in da ya saura, a zare shi daga tsinke a sa a firji, da safe a yayyanka shi a soya da ƙwai da albasa. Farar gurasar kuma a yayyafa mata ruwa a mayar da ita kasko a rufe minti biyu, za ta dawo kamar yanzu aka gasa. Bandashe ne kawai ba ya kwana, shi a ba almajirai ko maigadi tun a daren.